Tab uku, sannan Shift da Tab

Laraba.

Na fito da niyyar in gama rahoton nan da Oga yake ta cigiya tun Litinin. Har na tashi aiki ko buɗe shi ban yi ba.

Caja ce ta kai ni teburin Hajiya, wadda na manta a can jiya. Na tarar tana shigar da takardu, sai na ja na tsaya, don kun san ba a yi mata magana a tsakiyar fom. Idonta na kan takarda, allon kwamfuta ko kallo bai ishe ta ba, linzami kuwa yana can gefe an danne shi da tarin fayil. Ina tsaye kunnena ya kama wani kiɗa da yake maimaituwa a ƙarshen kowane fom: tak, tak, tak, sai ruwan lambobi, sai ta danne Shift ta taɓa Tab sau ɗaya, ta sauke babban yatsa a kan dogon madannin tazara. Sabon fom. Haka, haka, har sau huɗu ina kallo.

Na ce, "Hajiya, wannan bugu ukun na mene ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hanyar lambar waya ke nan."

"Lambar waya ai tana sama, ƙarƙashin kwanan wata."

"A ido ke nan, ɗan nan. A hannu tana bayan Adana."

Sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi, don nan take na gane abin da na aikata. Wata biyu da suka wuce Oga ya ce a ƙara gurbin lambar waya a fom ɗin manhajar, wanda ni na gina shi. Na jawo gurbin na ajiye shi tsakanin kwanan wata da adireshi, na matsa sauran ƙasa, na duba ya yi kyau, na gwada da linzami, na tura. Abin da ban tuna ba shi ne a Windows Forms, kayan aikin da na gina fom ɗin da shi, kowane abu a kan fom yana da lambar layi, TabIndex, kuma wanda ya zo ƙarshe shi yake karɓar lambar ƙarshe, ko da an zaunar da shi a sahun gaba. Manhajar ba ta yi laifin komai ba, abin da aka gina ta a kai ta yi. Madannin Tab lambar yake bi. Saboda haka layin ya zama suna, kwanan wata, adireshi, ƙarin bayani, maɓallin Goge, maɓallin Adana, sannan lambar waya can a wutsiya. Goge ma ya riga Adana ne kawai don shi na fara jawowa ranar da na zana fom ɗin. Wato tarihin yadda na gina abin ne Hajiya take bi da yatsunta kullum.

Na jawo kujera. Na ce ta ba ni labarin makon farko.

Ta yi dariya tukuna. Ta ce ranar farko ta bi takarda yadda take: suna, Tab, kwanan wata, Tab, lambar waya. Lambar ta faɗa gurbin adireshi ba ta sani ba. Adireshi ya faɗa ƙarin bayani. Tab na gaba ya sauka a kan Goge, ita kuma ta ci gaba da rubuta bayaninta. Haruffa ba sa yi wa maɓalli komai, amma tana gama kalmar farko ta buga tazara, tazara kuwa a kan maɓalli dannawa ce. Ta ɗago kai ta ga fom fari fat.

"Na ce ko hannuna ne ya zame. Na sake. Ya sake gogewa. A na uku na cire tabarau na goge shi."

Wannan maganar ta tabarau ita ce ta tsaya min a wuya har yanzu. Matar da ta fara buga rubutu tun a kan tafireta, tun lokacin da Tab ɗin ma ƙarfe ne da yake tura keken zuwa shafi na gaba na jadawali, ita ce ta zauna tana zargin idonta saboda lambar da na yi kasalar gyarawa.

Na ce, "To me ya hana ki faɗa min?"

"Na ɗauka haka kuka so shi. Ku ne masu abin. Kuma da na gano hanyarsa ai shi ke nan, hannu ya saba."

Ta nuna min a hankali. Ta cika huɗun farko, ta tsallake Goge, ta tsallake Adana, ta sauka kan waya a bugu na uku, ta rubuta, ta dawo baya taki ɗaya, ta adana. Har da alfahari a fuskarta, irin na wanda ya san lungun da ba kowa ya sani ba. Ta ce sabuwar yarinyar ma ta koya mata.

Ta koya mata! Kuskurena ya zama darasi.

Na koma tebur da zafina. A Visual Studio, manhajar da nake zana fom a ciki, akwai wurin da za ka kunna, lambobin layi su fito a kan kowane gurbi, ka bi su da dannawa ɗaya bayan ɗaya yadda kake so su jeru. Da na kunna sai ga abin kunya a fili, lambar waya da lambarta mafi girma tana zaune a tsakiyar ƙanana. Minti biyar bai cika ba na gyara. Na sa Adana gaban Goge. Na tura sabon, na miƙe ina jin kaina, har na tsokani na kusa da ni cewa yau na yi aikin lada.

Ban gaya wa Hajiya na tura ba. Ban san me na ɗauka ba, wataƙila so nake ta gani da kanta ta yi murna.

Bayan kamar awa ɗaya sai ga ta a kaina, da takardu uku a hannu. Hajiya ba ta tasowa daga kujerarta sai da dalili.

"Ɗan nan, me ka taɓa?"

Ku bi lissafin da ni, don ni ma sai da na zana shi a takarda. Hannunta yana kan tsohuwar hanya. Suna, kwanan wata, sai adireshi, wanda yanzu ya faɗa gurbin waya. Bayani ya faɗa gurbin adireshi. Tak, tak, tak: ƙarin bayani, Adana, Goge. Ta zuba lambobin waya a kan maɓalli, suka bi iska. Shift da Tab, ta dawo kan Adana. Tazara. Fom ya adanu lafiya lau, ba ƙorafi, da adireshi a gurbin waya, lambar waya kuma babu ita ko'ina. Sau uku kafin ta lura. Tsohon kuskuren aƙalla yana ihu, yana goge fom a gabanka. Gyarana shiru ya yi ta ɓarna. (Eh, na sani, gurbin waya bai kamata ya karɓi haruffa ba tun farko. Wannan ma nawa ne. Kada wanda ya tuna min.)

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma irin "ba komai" ɗin da ka san akwai komai. Sai ta ƙara da cewa, "In za ka canja wa mutum hanya, ka bari ya kai gida tukuna." Ta juya.

Na gyara bayanan ukun da hannuna. Na rubuta sabon layin a 'yar takarda na manna mata a gefen allo. Da na waiwaya daga baya na ga tana buga fom a hankali kamar ɗan koyo, tana ɗago kai bayan kowane Tab tana neman inda ɗan sandan nan mai ƙiftawa ya sauka. Saurin nan nata da ake jin sa daga ƙofa babu shi yau.

Abin haushin, ba wai ban san ka'idar ba ne. Tun 1987 IBM ta rubuta a tsarinta na CUA, jagorar yadda manhajoji za su yi aiki iri ɗaya, cewa Tab gaba, Shift da Tab baya. Ka'idojin WCAG 2.0 na 2008, na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, suna da sashe na 2.4.3 a kan wannan kaɗai, cewa jerin da fokas, wato gurbin da madannai suke aiki a kai a lokacin, yake bi ya kiyaye ma'ana da yiwuwar aiki, kuma a matakin A yake, wato mafi ƙarancin abin da ake nema. Don shafukan intanet aka rubuta su, amma hankalin ɗaya ne. Ni da bakina na taɓa yi wa wani faɗa a kan sa tabindex mai lamba sama da sifili a HTML, yaren gina shafukan intanet, don irin waɗannan su suke shiga gaban kowa su hargitsa layi. Na san Swing na Java, wani kayan gina fom daban, yana jera nasa ne bisa inda abu yake zaune a allo, da a can ne da wannan bai faru ba, ko da yake can ma akwatin dogon rubutu haɗiye Tab yake yi sai ka haɗa da Ctrl kafin ka fita. Duk na sani. A kai yake, bai sauko hannu ba, don hannuna na dama bai taɓa rabuwa da linzami ba.

Kuma Hajiya tana gani. Tana iya ɗago kai. Na yi ta tunanin makahon da yake aiki da NVDA, manhajar karanta allo, wanda muryar manhaja ce take gaya masa inda yake. A wurinsa babu "a ido ke nan". Layin Tab shi ne fom ɗin gaba ɗaya. Da shi aka ba wa, zai ji Goge, ya ji Adana, ya ɗauka an gama, bai ma san akwai gurbin waya a duniya ba.

Oga ya leƙo wajen ƙarfe huɗu. Rahoto? Gobe. Ya yi irin kallon nan nasa.

Da dare na buɗe manhajar a gida, na zare linzami na jefa a aljihun tebur. Fom ɗin Hajiya ya bi daidai. Tagar bincike ma ba laifi. Tagar saituna kuwa, a Tab na shida fokas ya ɓace min ɗungurum, na buga ya fi sau goma ban ga inda yake ba, ashe yana yawo cikin wasu gurabe da na tura bayan wani fanel, wato wani faifai a cikin tagar, tun bara na manta da su. Ban gyara ba. Na rubuta a takarda, da abu na farko a sama: a tambayi Hajiya wace rana take so.

Cajar tana teburinta har yanzu.