Hayar keke a bakin kogin Rhine, da aikin da matafiyi ba ya gani

Ƙarfe shida da rabi na safe nake buɗe shagona a garin Bingen na ƙasar Jamus, kuma abin da hannuna ke fara taɓawa shi ne birki. Ina bin kekunan da za su fita ranar ɗaya bayan ɗaya: in matsa birkin gaba, in matsa na baya, in ɗaga taya in juya ta in saurara. Keke mai lafiya shiru yake yi, wanda ke da matsala kuwa da kansa zai faɗa maka, in dai kana da kunne. Wannan sauraren a wurin kawuna na koye shi tun ina yaro a Damagaram, ƙarƙashin bishiyar da yake faci, lokacin aikina bai wuce riƙe famfo da tsoma tiyub cikin ruwa don a ga inda iska ke fita ba.

Sana'ar tamu ƙarama ce. Kekuna ashirin da huɗu muke da su, tara daga ciki masu batir, sai motar ɗaukar kaya ɗaya. Uwargida ke riƙe da littafi da waya, ni ina kan kekuna da tuƙi, idan baƙi sun yi yawa mu ɗauki ɗalibi ɗaya ya taimaka. Mutum zai karɓi keke a Bingen, ya bi kogi ya gangara arewa har Koblenz, ya bar mana shi a can. Jakunkunansa kuwa mu ke kai masa masauki kowace rana kafin ya iso.

Tsakanin garuruwan biyu kilomita 65 ne, kuma wannan yanki na kwarin Rhine shi ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Guntu ne daga doguwar hanyar keke da ake kira EuroVelo 15, wadda ta taso daga duwatsun Suwizalan ta ƙare a bakin teku a Holand. Hanyar shimfiɗe take, babu hawa babu gangara. Saurayi mai ƙarfi zai cinye ta kafin azahar, kuma akwai masu zuwa da wannan niyya. Ina ba su keke, amma raina ba ya so. Kwana uku nake ba mutane shawara: su kwana a Bacharach ko Oberwesel, su kwana a Boppard, rana ta uku su shiga Koblenz, inda kogin Mosel ke zubawa cikin Rhine. Wanda ya ruga da gudu kwalta kawai ya gani.

Abin da ke kawo baƙi shi ne fadojin dutsen nan da Jamusawa ke kira Burg, kusan arba'in a wannan ɗan tsakanin, galibinsu a kan tudu suna leƙen ruwa. Da na fara zuwa na ɗauka don ado aka gina su. Daga baya na gane cewa da yawa daga cikinsu shingayen karɓar kuɗi ne. Kogin nan shi ne babbar hanyar fatauci tsakanin kudu da arewa, a nan kuma duwatsu suka matse shi, jirgi ba shi da wata hanyar kaucewa. Duk basaraken da ya samu tudu sai ya kafa hasumiya ya ce a biya. Wanda ya taɓa jin labarin fatake da kuɗin fito ba ya bukatar dogon bayani.

Wadda ta fi nuna haka ƙarara ita ce Pfalzgrafenstein, kusa da Kaub. A tsakiyar ruwa take, kan ɗan tsibiri, fara, da siffar jirgin da ya tsaya cak. Sarkin Jamus Ludwig ɗan Bavariya ya fara gina ta a 1326 don kada jirgi ya wuce bai biya ba. Can gaba, saman garin St. Goar, akwai Rheinfels, wadda aka kafa a 1245. Mai ita ya ƙara kuɗin fito, biranen kogi suka haɗa kai suka yi mata ƙawanya, suka gaji suka tashi ba su ci ta ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 sojojin Faransa suka tarwatsa ta da albarushi, kango ne yanzu, amma kangon da za ka yi awa biyu kana yawo cikinsa. Da yawa daga sauran tun 1689 dakarun Faransa suka rushe su, abin da ake gani yau ginin baya ne. Marksburg da ke saman Braubach ita kaɗai ce ta kan tudu a wannan kwari da ba a taɓa rushewa ba, shi ya sa nake cewa wanda zai shiga guda ɗaya tak, ita ya kamata ya shiga. Karɓar kuɗin nan bai ƙare ba sai ƙarni na 19, kuma yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ce ta tabbatar da cewa kogin na kowa ne.

Duk wannan ina faɗa wa baƙo a taƙaice yayin da nake daidaita masa sirdi, domin sirdin ya fi tarihin muhimmanci a wurina. In sa shi ya hau, in riƙe kan keken, in ce ya ɗora dunduniya a kan feda ya kai ta ƙasa. Idan gwiwa ta miƙe sarai, tsayin ya yi. Idan ƙugunsa na karkata hagu da dama, na ɗaga da yawa. Bambancin yatsa ɗaya ne, amma bayan kilomita ashirin yatsan nan ya zama ciwon gwiwa, kuma mai ciwon gwiwa ko ya tsaya gaban dutsen Loreley mai tsayin mita 132, ba dutsen yake gani ba, ƙafarsa yake ji. Ni dai a ganina an yi aiki mai kyau ne idan mutum ya iso Koblenz bai tuna ko sau ɗaya cewa keken haya yake kai ba.

Akwai abin da duk mai wannan sana'a a nan dole ya haddace: daga yankin Mainz har Koblenz babu gada ko ɗaya a kan kogin. Jiragen fito ne ke tsallakar da mutane da motoci, a Bingen, a Lorch, a Kaub, a St. Goar, a Boppard, kuma da dare suna tsayawa. A shekarata ta farko na karanta takarda cikin gaggawa, na kai jakunkunan wasu tsofaffi biyu, miji da mata, St. Goar, alhali masaukinsu na St. Goarshausen ne, garin da ke fuskantarsa a ɗaya gaɓar. Ban ankara ba sai da dare ya yi suka kira, maganin matar yana cikin jaka. Jirgin fito ya riga ya ɗaure. Ina tsaye bakin ruwa ina hango fitilun garin, kusa ƙwarai, amma sai da na tuƙa har Koblenz na haye gada na dawo ta ɗaya gefen, wajen kilomita saba'in. Matar ta karɓi jakar hannunta na rawa. Tun daga ranar kowace jaka tana da ƙyalle a hannunta, ja na gaɓar hagu, shuɗi na gaɓar dama, kuma ba na tayar da mota sai uwargida ta karanta mini sunayen masaukai da baki na maimaita.

Kekuna masu batir sun canza mana kasuwa. Injin yana taimaka wa mai tuƙi har gudun kilomita 25 a awa, daga nan ya saki. Da su ne dattawa ke iya hawa tudun Stahleck a Bacharach, fadar da aka mayar masaukin matasa, ko su kai ƙofar Rheinfels ba tare da sun sauka sun tura ba. Sai dai suna da nauyi, ɗaga su cikin mota yana cin baya, kuma a gangara suna cinye birki da wuri. Shi ya sa nake sa kowa ya zagaya bayan shago sau biyu ya gwada tsayawa kafin in sake shi. Kwarin kuma ƙasar inabi ce, gonaki ne rataye a jikin tsaunuka, baƙi da yawa don giyar wurin suke zuwa. Ni ba na sha. Abin da nake roƙonsu shi ne su bari sai sun ajiye keke da yamma, da rana kuwa akwai ruwan inabi zalla a wurin manoman.

Ba na ɓoye wa kowa aibin hanyar. Layin dogo ya bi gaɓa biyun, jiragen kaya na wucewa dare da rana, don haka nakan nema wa baƙi ɗakin da ba ya kallon layi. A wurare da dama hanyar keke manne take da titin mota. Kogin ma yana da halinsa. Idan ya cika yakan hau kan hanya, sai mu kira kowa mu faɗa masa inda zai kauce. Idan ya janye kuwa abin tsoro ne: a Oktoban 2018 ma'aunin ruwa na Kaub ya sauka har santimita 25, manyan jiragen kaya suka koma tafiya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, duwatsun ƙasan kogi suka fito fili.

Daga Afrilu zuwa Oktoba muke samun abin da za mu ci shekara. Sauran watannin na gyara ne. Kowane keke sai na kwance shi, in auna sarƙa in ga ko ta miƙe, in canza wayar birki, in ajiye batura da rabin caji a ɗaki mai sanyi marar danshi. Kuɗin inshora da hayar shago ba su san hunturu ba, saboda haka tun watan Yuli muke ware nasu.

Bara wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatu a Mainz ya kawo mahaifinsa, dattijo mai furfura, da babbar riga. Ya ce rabonsa da keke tun yana malamin makaranta a ƙauye.

"Baba, in kawo mai batir?" na tambaye shi.

"A'a, ɗana. Ba ni irin wanda na sani."

Na kawo masa mai sauƙin hawa, na sauke sirdi kaɗan, na naɗe masa bakin riga na ɗaure don kada sarƙa ta kama. Na rufe shago rabin yini na bi su, abin da ban saba yi ba. Da farko kan keken na rawa a hannunsa, kafin mu wuce hasumiyar Mäuseturm ya daidaita. Bayan Bacharach, da farar fadar nan ta tsakiyar ruwa ta bayyana, ya taka birki ya sauke ƙafa ɗaya. Na ba shi labarin kuɗin fito. Ya daɗe yana kallon wani dogon jirgin kaya da ke haurowa a hankali, sannan ya ce kakansa ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, kuma a kowane mashigi sai an sauke kaya an biya. Ya tambaye ni ina alƙibla. Muka jingina kekunan uku a jikin bango, ɗansa ya kwance sallaya daga kariyar keke.