Kwarkwaron fatsa ya riƙe kifi a ƙarshe

'Yan'uwa masu koyo, jiya da la'asar kwarkwarona, wato abin naɗe zaren fatsa da na haɗa da hannuna, ya riƙe tarwaɗa har bakin gaɓa, zare bai harɗe ba. Wata uku ina fama da abin nan, wallahi har yanzu bakina bai rufu ba don murna.

Haɗin dai ga shi: hob ɗin ƙafar gaba na tsohon keke, faifai biyu na maɗaci, mariƙi na ƙaho. Da na ji kamfanin Hardy na Ingila, mai ƙera kayan fatsa, ya sa boris a kwarkwaronsa tun 1891, sai na wanke boris ɗin hob ɗina da kananzir, na cusa giris, har ya zama ɗan taɓawa kaɗan sai ya yi ta juyi. Ashe santsin nan shi ne ciwon. Kifi ya fizga ya tsaya, kwarkwaro kuwa bai san an tsaya ba, zare ya yi ta kwancewa yana hawa kan juna. A ƙasan gadar Wudil na sa wuƙa na yanke lailon na naira 4,000, masunta suna kallo. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Birki ake nema, wanda zai riƙe ba tare da ya ƙulle ba. Na fara da robar tiyub, sai ta kama ta saki, ta kama ta saki, fizga ta uku zare ya tsinke. Na koma fatar akuya. Da safe lafiya lau, ruwa na taɓa ta sai ta kumbura ta cije, iskar hunturu ta busar da ita ta ƙandare. Baƙin mai kuwa kada wanda ya gwada, sulɓi kawai, ga shi ya ɓata mini zare da wari.

Ranar Juma'a a kasuwa na nuna wa wani dattijo baduku. Ya murza fatar da yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ta jaka ce. Ƙirgi za ka sa, ka narka man kaɗe ka jiƙa shi ya kwana." Na ce, "Baba, ba zai yi sulɓi ba?" Ya ce in goge na sama da tsumma, wanda ya shige ciki shi ke hana ruwa shiga.

Haka na yi. Na yanka shi kamar kwabo mai huda, na ɗora washa da ɗan sifirin, mai walda ya yi wa noti kunnuwa biyu don in riƙa matsawa da yatsa. Da tarwaɗar ta ja, sai na ji zare na fita a hankali, da nauyi, ba gargada.

Saura abu ɗaya: notin yana kwancewa da kansa idan an daɗe ana naɗi. Zan ƙara masa na biyu a baya in gani. Wanda ya taɓa maganin wannan, don Allah ya faɗa mini kafin Asabar.