Ƙafa 320 da aka yanke daga hanyar tsere

Yau a gareji wani yaron shago ya miƙo min waya in kalli tseren motocin Top Fuel na Amurka, wato motocin da ke tsere a gajeriyar hanya miƙaƙƙiya. Kafin in gyara riƙon wayar har an gama, ko daƙiƙa huɗu ba a kai ba. Ogansa ya yi tsaki, wai tun da aka rage musu hanya armashin ya tafi. An dai rage ɗin: bayan direban tsere Scott Kalitta ya rasu a hatsarin tsere a New Jersey a 2008, hukumar da ke shirya tseren, NHRA, ta mai da tsawon hanyar ƙafa 1,000 maimakon 1,320, don direba ya samu filin tsayawa, injuna masu tsada kuma su rage fashewa.

Amma fa a gajeriyar hanyar ma yanzu suna wuce mil 330 a awa. Ni da a ce ƙanena ne a ciki, da ƙafa 1,000 ɗin ma ta yi min yawa.