Hawan babur cikin ayari a Kumasi

Duk wanda ya tashi a Tamale, a arewacin Ghana, gani yake ba abin da za a koya masa a kan babur. A can kowa na hawa: malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, har dattijuwa mai kai kaya kasuwa da jika goye a baya. Gari ne shimfiɗaɗɗe, direbobin mota kuma sun saba da mu tun suna yara. Da aiki ya kawo ni Kumasi na sauka a Aboabo da Boxer ɗina da lasisina na rukunin A, sai na tarar da wata duniya daban. Kumasi hawa da gangara ce, titin kuma na masu trotro (ƙananan bas na haya) ne da tasi da pragya (keke mai ƙafa uku na haya). Mai trotro zai tsaya cak a gabanka don yaron motarsa ya hango fasinja, ba sigina ba komai. Wanda bai san ta inda ake kutsawa a shataletalen Suame ko mahaɗar Anloga da yamma ba, zai sha hon da zagi cikin Twi, harshen mutanen Asante, har ya gode wa Allah.

Ban sami abokan hawa ta waya ba. A rumfar makaniki na same su. Kowa zai tura ka Suame Magazine, babbar unguwar makanikai, in kana neman kayan gyara, kuma gaskiya ne, da wuya ka rasa abu a can. Amma mutane, a ƙaramar rumfar unguwa ake saninsu, inda mai babur ke zama jiran a ɗaure masa sarƙa yana ba da labarin wanda ya faɗi jiya. Na kai nawa canjin baƙin mai wurin wani makaniki da ke kusa da masaukinmu, kowa Masta yake ce masa. Na riƙa komawa ko babu abin gyara, in yi sallama, in zauna a benci, in saurara. Daga nan aka fara jana zuwa majalisar shayi bayan isha'i. Baƙo ba ya shiga da labarin gudun da ya taɓa yi a hanyar Bolgatanga. Tambaya yake shiga da ita. Wace hanya ce ta lalace, ina 'yan sandan MTTD masu kula da hanya ke tsayawa, wane gidan mai ne ba ya cuta. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai babur ba abin da yake so irin a tambaye shi hanya.

Batun 'yan sanda ba na wasa ba ne. Dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, a lokacin ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, saboda haka an daɗe ana yi wa duk mai ƙaramin babur kallon ɗan okada har sai ya nuna ba haka ba. Lasisin hukumar DVLA, inshora da takardar lafiyar babur, duka a jikina suke kwana cikin leda.

Masu hawa a rukuni kala-kala ne a Zango, kuma da farko duk ɗaya suke a idon baƙo. Akwai masu raka jana'iza zuwa maƙabartar Tafo, suna gaba suna buɗe hanya. Niyya mai kyau, aikin lada, amma na ga yadda wasu ke shiga hannun da ba nasu ba suna dogara da cewa kowa zai kauce wa gawa. Akwai samarin rakiyar amarya da na ranar Sallah, masu ɗaga tayar gaba da miƙewa tsaye a kan kujera, mutum uku a babur ɗaya ba mai hular kwano. Kowace Sallah sai malamai sun yi wa'azi a kansu, 'yan sanda sun yi gargaɗi, kuma ba a rasa wanda ake kwasa zuwa asibitin Komfo Anokye. Sun gayyace ni, na yi godiya na ce ina da uzuri. Akwai kuma masu manyan babura da riguna iri ɗaya. Ba ni da abin faɗa a kansu, sai dai Boxer ba sa'ar tafiyarsu ba ce.

Waɗanda na bi wasu ne marasa suna da tambari, yawancinsu magidanta: tela, mai sayar da wayoyi a kasuwar Kejetia, malamin Islamiyya, da Masta kansa. Wani Alhaji ne babbansu, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana jigilar goro zuwa arewa. Ranar da zan fara bin su, tun kafin a tayar da inji Masta ya zagaye babur ɗina. Ya danna tayar gaba da babban yatsa, ya danna ta baya, ya ɗaga sarƙa da tsinken sukurudireba ya ga iya lilonta, ya matsa birki, ya sa na kunna sigina hagu da dama. Sannan ya juya kan wani saurayi da ya rataye hular kwanonsa a gwiwar hannu.

"Kai ƙanena, a gwiwar hannu ƙwaƙwalwarka take?"

Yaron ya yi dariya ya kifa ta a ka. Masta ya sa yatsa biyu ya ɗaga ta sama, ta fita salin alin.

"Ka gani? Haka kwalta za ta cire maka ita. Ɗaure igiyar."

Ni na ɗauka baƙo a ƙarshe ake sa shi, don kada ya tare wa gwanaye hanya. Sai Alhaji ya nuna mini bayansa kai tsaye. Na ce, "Alhaji, ai ni sabo ne, bari in bi baya." Ya ce, "Don kai sabo ne ɗin, ɗana. Baya ba wurin sabo ba ne."

Sai da muka fita gari na gane abin da yake nufi. Idan na gaba ya fita daga kwana ko ya wuce tudun rage gudu ya murɗa totur, na biyu ba ya murɗawa sai bayan ɗan lokaci, na uku ya fi shi makara, haka har ƙarshe. Tazarar da ke buɗewa ƙanƙanuwa ce a gaba, amma tana taruwa. Madugu na tafiya a kan 70, na ƙarshe kuwa sai ya kai 90 ko fiye kafin ya kamo, daga nan kuma ya taka birki da ƙarfi don ya tarar an rage. Wanda bai ƙware ba, ga tsoron kada a bar shi a dajin da bai sani ba, shi ne zai shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa mafi rauni ke bin madugu, inda madugu ke ganinsa a madubi yana auna tafiyar da shi. Mafi ƙwarewa kuma, wato Masta, shi ne a ƙarshe, da famfo da kayan faci da filogi da ɗan akwatin magani ɗaure a bayansa. Alhaji kan ce fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro ba su taɓa auna tafiyar yini da jakin da ya fi sauri ba, da gurgun cikinsu suke aunawa.

Tun daga lokacin, da wannan nake gane rukunin da za a bi da wanda za a guje wa. Ba na kallon wanda ke gaba ko girman babur ɗinsa. Ina tambaya wa ke baya, kuma me ake yi in mutum ya ɓace daga madubi. Inda aka ce "ai zai kamo mu", ba da ni ba.

A hanya mai kyau ba ma jeruwa kafaɗa da kafaɗa, ba ma kuma bin sawu ɗaya. Madugu na riƙe ɓangaren hagu na hannunmu, na biyu dama, na uku hagu, a karkace. Tsakaninka da wanda ke saitinka daƙiƙa biyu, tsakaninka da na ɗaya ɓangaren daƙiƙa ɗaya. Ana ƙirgawa da sandar lantarki ko wata bishiya: ya wuce ta, ka fara ƙirga. Kamar abin wasa, amma a gudun kilomita 80 babur na cin sama da mita 22 a daƙiƙa guda, kafin hannunka ma ya kai ga birki. Da an zo kwana, ko gada, ko inda ramuka suka cinye rabin kwalta, Alhaji zai ɗaga yatsa ɗaya sama, kowa ya ɗaga wa na bayansa, a koma layi guda a buɗe tazara. Yatsa biyu, a koma yadda ake. Rami a hagu da hannu ake nunawa, a dama da ƙafa, domin hannun dama na kan totur. Mai neman mai ya nuna tankinsa. Ba ma wuce mutum shida ko bakwai. In an fi haka sai a rabu biyu, kowane da madugunsa da mai tsaron bayansa.

Dokar da ta fi burge ni ita ce ta mararraba. Kowa amanar na bayansa ke wuyansa. In za a karya kwana ka duba madubi ba ka gan shi ba, ka tsaya a bakin mararrabar inda zai hango ka. Na gabanka zai rasa ka shi ma ya tsaya, a haka saƙon zai isa ga madugu ba tare da an taɓa waya ba.

Wuce mota kuwa kowa da idonsa. Hanyar Mampong da Ejura, wadda ke bi ta Tafo da Pankrono da Agona kafin a hau dutsen bayan Jamasi, cike take da motocin doya da masara da na gawayi, an yi musu lodi har sun karkace. Madugu ya wuce ba yana nufin hanya ta buɗe maka ba. Gurbin da ya ishe shi ya riga ya rufe. In ka wuce kuma kada ka rage nan take, ka ƙara gaba ka bar wa na bayanka wurin shiga. A kan wannan aka sallami wani. Yaro ne mai hannu ƙwarai, amma ya manne wa Alhaji suka wuce motar katako tare, wata bas Sprinter ta ɓullo daga gaba, da ƙyar ya faɗa gefen hanya cikin jar ƙasa. Ba wanda ya ce uffan sai da aka tsaya sallar azahar. Bayan an idar Alhaji ya kira shi gefe, murya ƙasa-ƙasa, amma mun ji.

"Ɗana, idona ka ara ka wuce da shi. In ka mutu ni zan je in gaya wa mahaifiyarka, kuma ban san da bakin da zan faɗa ba. Ka huta tukuna."

Ya bi mu muka dawo gida a bayan Alhaji. Sai bayan Babbar Sallah aka sake kiransa.

Tafiyar da na fi so ita ce ta tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, shi ya sa tafkin ke zaune a ƙasan kwari da duwatsu kewaye da shi. Ana bi ta Atonsu zuwa Kuntanase, daga nan a gangara Abono. Gangaren nan ne jarrabawa, musamman ga mutumin Tamale da bai saba da tudu ba. A samansa ake tsayawa. Alhaji ya sa kowa ya sauko giya ta biyu, ya hana riƙe kuloci, ya hana kashe inji don tsimin mai, wanda wasu ke yi. Injin ne zai riƙe babur, birki taimako kawai yake yi. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga sama zai ji ƙauri kafin rabi, daga nan ya taka ya ji ba komai. Aka riƙa sakin mu ɗaya bayan ɗaya da tazara mai yawa. Masta ya ce mini in kafa ido inda nake son zuwa, kada in kalli ramin gefe ko ruwan da ke ƙyalli a ƙasa, don babur inda ido ya kalla yake bi. A kwana ta uku na tarar da tsakuwa da ruwan sama ya wanko kan kwalta. Na miƙar da babur kafin in hau ta, ban taɓa birkin gaba ba, na nuna da ƙafa ga na baya. A ƙasa muka ci soyayyen kifi, malamin Islamiyyarmu na ta mita cewa an tsuga masa kuɗi don an ji Twi ɗinsa da gargada.

Sauran abubuwan ƙasar Asante ce ke koya maka su. Asabar ranar makoki ce: ka shiga ƙauye ka tarar an kafa rumfuna har bakin kwalta, jama'a cikin baƙi da ja suna tsallakawa ba tare da waiwaye ba, wasu kuma sun sha. Dokar gudu a cikin gari 50 ce, amma a irin wannan wuri ko 30 ta yi yawa, kuma ba a yi wa masu makoki hon. Ganye ko reshe a kan titi alama ce mota ta mutu a gaba, sau da yawa bayan kwana. Tudun rage gudu da mutanen ƙauye suka gina da kansu ba fenti gare shi ba. Damina biyu ake yi a nan, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, kuma farkon saukar ruwa ya fi santsi, lokacin da ya taso da man dizal da ƙurar da suka kwanta a kwalta. In hadari ya haɗu mukan fake a gidan mai mu jira.

Kafin kowace fita ana cika tanki tun daren jiya, kowa ya tura wa Masta lambar wani nasa na gida, kuma duk mun haddace 112. Ana lissafin tafiya yadda magariba za ta same mu a cikin gari, domin aboboyaa (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) marar fitilar baya da tirelar da ta mutu ba a ganinsu da dare sai an zo dab.

Abin da har yanzu ba mu daidaita a kai ba shi ne ɗauko fasinja. Telanmu na so ya riƙa zuwa da ɗansa mai shekara goma sha biyu, yana cewa gara ya koya a wurinmu da ya koya wurin samarin Sallah. Masta ya ce goyo na ƙara nisan birki, kuma ba a samun hular kwano daidai kan yaro a kasuwa sai an sha nema. Alhaji ya ce a kawo hular ya gani da idonsa, sannan a yi magana. Tela ya ce ya ba da saƙo Accra.