Sharaɗin da na ji kunyar gindayawa

Kalmar sharaɗi a zauren malaminmu da ke unguwar Birni a Damagaram na fara riƙe ta, lokacin da muke biya littafin fiƙihu na Ahalari. Malam yakan lissafa sharuɗɗan salla da yatsunsa: tsarki, suturce al'aura, fuskantar alƙibla, har zuwa sauran. Ya ce mana asalinta Larabci ne, kuma bambancinta da farilla shi ne farilla tana cikin sallar, shi kuwa sharaɗi sai ya tabbata kafin a ta da kabbara. Na haddace sarai, amma sai da na shiga dukanci wurin kawuna na san nauyinta.

Wata Alhamis, ranar da kasuwar Dole ke cika, wani Alhaji mai kai kaya Yamai ya ce mu ɗinka masa jakunkuna 40 na jar fatar akuya, kowace jika 6, wato sefa dubu 6. Kawu ya tafi gaisuwar mutuwa Mirriya, ni kaɗai ne a rumfa. Na so in ce ya ba da kafin alƙalami, in kuma ce kayan da ya fita ba ya dawowa, sai kunya ta kama ni. Mutum sa'an mahaifina, ga furfura, ta ina zan fara? Na ce, "Allah ya sa albarka, Alhaji."

Bayan wata 2 ya dawo da 12, rana ta cinye launinsu, ya ce ba su shiga ba. Na ce ai ba a mayar da kayan da aka yi wa mutum takanas. Ya dube ni ba tare da faɗa ba, ya ce, "Yaro, da wannan sharaɗin muka yi?" Ba mu yi ba, kuma gaskiyarsa ce. Jika 72 suka kwanta mana, ga majema suna jiran kuɗin fatarsu.

Kawu bai ɗaga murya ba. Yana goga wuƙarsa a dutse ya ce, "Ɗana, Hausawa cewa suke a gindaya sharaɗi. Ka taɓa ganin an gindaya itace bayan dabba ta wuce?" Daga nan na fara sauraron yadda muke sarrafa kalmar: a kafa shi, a cika shi, a saɓa shi, a ce "na yarda bisa sharaɗin kaza". Har annabi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, to me ya sa muke ɗaukar faɗinsa kamar zargin mutum da rashin amana? Wannan kunyar na ga ta raba abokan ciniki da yawa a layinmu, har 'yan uwa.

Alhajin ya sake zuwa gab da babbar salla, yana son 30. Na shimfiɗa masa buzu, na kawo ruwa, sannan na ce, "Baba Alhaji, da sharaɗi biyu." Muryata tana rawa. Ya saurara har na gama, ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo rabin kuɗin.