Yadda muka auna ƙarfin tura kurar shinkafa a Argungu

Dokar motsi ta biyu ta masanin kimiyya Niyuton, wadda ya wallafa a 1687, gajeriya ce: F = ma, wato a ninka mas (m, yawan abin da ke jikin abu, da kilo ake auna shi) da ƙaruwar gudu (a) a sami ƙarfi (F). A kan allo ba ta da wuya, shi ya sa na fito da ɗalibaina waje muka gwada ta da kura.

Mun ɗora buhu shida na shinkafa, kowanne kilo 50. Kurar kanta kilo 60 ce, jimla kilo 360. Rabin ajin sun rubuta 300, sun manta kurar ma turawa ake yi.

Ƙaruwar gudu ba a ɗora ta a sikeli, sai dai a fito da ita daga tazara da lokaci. Muka ja layi biyu a kan daɓen siminti, mita 8 tsakaninsu. Kura na tsaye cik a layin farko, yaro ɗaya ya tura ta da ƙarfi bai ɗaya, ta kai layi na biyu cikin daƙiƙa 8. Tunda daga tsaye ta tashi, a = 2s/t² (s tazara, t lokaci), wato 16 a raba da 64, ya ba da 0.25 m/s². A ninka da 360, niyuton 90 ke nan (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi).

Agogo ne ya fi ba mu wahala. Wani ya danna wayarsa da wuri ya sami 7.5, amsarsa ta haura niyuton 102. Rabin daƙiƙa kawai! Dalili kuwa shi ne lokacin ana ninka shi da kansa, kuskuren ma ya ninku. Daga nan muka riƙa maimaitawa sau biyar muna ɗaukar matsakaici.

Sai dai niyuton 90 ba shi ne duk ƙarfin yaron ba, ragowa ce bayan gugar taya da ƙarfen da take juyawa a kai ta ci nata. Don mu san abin da ta ci, muka maƙala sikelin rataya muka ja kurar a hankali, gudu ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ya nuna kilo 7. A ninka da 9.8, wato niyuton da ƙasa ke jan kowane kilo da shi, kusan niyuton 69. Ashe yaron ya zuba wajen niyuton 159.

Nan Hausarmu ke ruɗa yara, domin mas da jan ƙasa duk "nauyi" muke ce musu. Buhu mas ɗinsa kilo 50 ne, amma ƙasa na jan sa da niyuton 490. Wanda ya sa 490 a gurbin m ya ɓata lissafinsa tun daga layin farko. Haka wanda aka ba shi gudu a kilomita cikin awa ya shiga lissafi bai raba da 3.6 ya mai da shi mita cikin daƙiƙa ba.