Kuɗin iskar da ke cikin kwali

Duk wanda zai sayo LEGO, wato ƙananan bulon roba da ake haɗawa a yi samfurin gini ko wani abu, daga Amurka zuwa Zariya, kuɗi uku zai biya: na kayan, na jirgi, da na iskar da ke cikin kwalin. Wannan na ukun ba mai gaya maka shi sai ka ga takardar caji.

Ni zanen gine-gine ne sana'ata, a Samaru nake zaune, kuma tun muna ɗalibai a ABU muna yanka kwali muna liƙa samfurin gida wannan cuta ta kama ni. Na gine-gine kawai nake tarawa. Ina da Taj Mahal mai lamba 21056, fitowar 2021, mai ɓaraguzai guda 2,022, ina da Dalar Giza mai guda 1,476. Manyan kuwa, irin Hasumiyar Eiffel mai guda 10,001 da ta kusa mita ɗaya da rabi a tsaye, sai dai kallo. Dala 629.99 aka sa mata da ta fito a 2022, wanda ya san yadda naira ta koma tun watan Yunin 2023 sai ya yi lissafin da kansa.

Kamfanin a Billund yake, can ƙasar Denmark, kuma shagonsa na intanet ba ya kawo kaya Najeriya. Dole sai ta hannun dillalan turo kaya. Za ka yi rajista da su, su ba ka adireshin sitonsu da wata lamba taka kai kaɗai, ita za ka rubuta kusa da sunanka duk lokacin da ka yi oda. Idan da zaɓi, ɗauki sito a jihar Delaware ko Oregon, don can babu harajin saye. Kaya na sauka za su auna, su ɗauki hoto su turo maka, su jira umarninka. Wasu shagunan sukan soke oda in suka gane adireshin na dillali ne, wasu kuma katinka ne ba za su karɓa ba. Ni da katin asusun dala nake biya, na huta da faɗuwar gaba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Masu jirgi ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kayan zai cinye. Sai su auna tsawo da faɗi da tudu a santimita, su ninka, yawanci su raba da 5,000. Abin da ya fito su kwatanta da abin da sikeli ya nuna, wanda ya fi yawa shi za ka biya. A ce kwalin waje 60 ne da 50 da 20: kilo 12 ke nan a takarda, ko da a sikeli bai wuce biyar ba. Kwalin LEGO kuwa kowa ya san halinsa, girgiza shi ka ji yadda ledoji ke yawo a ciki. Ga shi kuma shago ya sake saka shi a wani kwalin da ya fi shi girma, ya cusa takardu.

Saboda haka nake ce wa dillalin ya buɗe, ya fitar da ledojin da littafin haɗawa, ya haɗa mini oda biyu ko uku a ƙunshi ɗaya, ya yar da kwalin. Ina dai roƙonsu su sa littafin tsakanin fallen kwali biyu kar ya lanƙwashe, su kuma jera ledojin su ɗauka mini hoto. Kowace leda da lambarta, in ɗaya ta ɓace daga nan zan gane, ba sai ta zo Zariya ba.

Wani abokina a Kaduna yana ganin wannan ɓarna ce tsagwaronta. Shi ba ya ko yanke salatif. Hujjarsa kuma tana da ƙarfi: kamfanin kan daina buga kowane samfuri bayan 'yan shekaru, daga nan sai a kasuwar 'yan tari irin BrickLink, wadda LEGO ɗin da kansa ya saye a 2019, kuma can wanda ba a taɓa buɗewa ba shi ne mai daraja. Na yarda. Amma wa zai saya a nan? In kuma waje zai mayar, ya sake biyan jirgi ke nan. Sannan kwalin da ya bi ta hannun kwastan a Legas, aka buɗe don a ga mene ne, aka naɗe da salatif mai ruwan ƙasa, ya kwana a but ɗin mota ƙarƙashin buhuna har Kwangila, ban san wane mai tari ne zai kira shi sabo fil ba. Ya taɓa biyan inshora da ƙarin kwali mai kauri, duk da haka kusurwa ɗaya ta iso a lotse. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Ni nawa a ƙunshe suke zuwa kamar kayan miya. Yaron da ke miƙo saƙo a tasha ya taɓa girgiza ɗaya a kunnensa ya ce, "Yallabai, gyaɗa ce aka aiko maka tun daga Legas?" Na ce masa gini ne. Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, ya karɓi na ruwansa bai ƙara magana ba.

A faranti nake zazzage leda ɗaya bayan ɗaya, da dare, in yara sun yi barci. Abin da nake fara dubawa shi ne kan 'yan ƙusoshin da ke saman kowane bulo: na gaske kowanne da sunan kamfanin a rubuce, ƙanana ƙwarai, sai ka karkata shi wajen fitila. Bayan an gama kuma sai yaƙi da ƙurar hunturu, wadda ke shiga kowane lungu, da rana da ke mayar da fari ruwan ɗorawa. Kafinta a Sabon Gari ya yi mini kabad mai gilashi, na ajiye shi nesa da taga. 'Yar ƙanwata kan tsaya gabansa ta ce, "Kawu, don Allah in taɓa hasumiya ɗaya kawai?" Nakan ba ta Dalar, ta fi jure hannu.

Kwanan nan ma na rage sayen cikakken samfuri. Tsintar ɓaraguzai nake yi a BrickLink, masu launin ƙasa da na yashi, suna zuwa a ɗan ambulan da jirginsa ba ya da tsada. So nake in haɗa cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa da azara zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19. Ginshiƙan sun tsaya, zanen jikinsu ma na samo masa dabara. Bakan gizon da ke ɗauke da rufin ne ya ƙi: lanƙwasar bulon LEGO rabin da'ira ce cif, tasa kuwa a hankali take tashi daga jikin ginshiƙi, wani bakan ya haye kan wani. Yanzu da 'yan maɗaurai masu juyawa nake gwadawa, kuma oda ta gaba duk su ne.